DUTSEN KAMARU: GONAKI NA HAWA, DAJI NA JA DA BAYA

A kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, dab da bakin Tekun Atilantika, akwai wani dutse mai aman wuta wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, watau fiye da ƙafa 13,000 ke nan. Duk yammacin Afirka babu dutsen da ya kai shi. Mutanen ƙabilar Bakweri, waɗanda suka daɗe da zama a gindinsa, suna kiransa Mongo ma Ndemi, ƙoƙuwarsa kuwa suna ce mata Fako. Sauran duniya ta san shi da sunan Dutsen Kamaru.

Abin da ya sa masana halittu suke ji da wannan dutse shi ne, a ɓangarensa na kudu maso yamma mutum yana iya shiga kurmi tun daga kusa da gaɓar teku, ya yi ta hawa cikin inuwar itatuwa har ya kai inda sanyi ya hana itace tsirowa, ba tare da dajin ya yanke ba. Wurare irin wannan 'yan kaɗan ne suka rage a nahiyar Afirka. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 300 a kan dutsen, biyu daga cikinsu kuwa babu su a ko'ina cikin duniya sai nan. To, amma ƙasar da take ciyar da wannan daji tana cikin ƙasashen noma mafi albarka a Kamaru, kuma yau fiye da shekara 120 ke nan ana sare dajin daga ƙasa ana yin sama.

MATAKAN DUTSEN

Wanda yake son ya fahimci halin da tsuntsayen suke ciki, sai ya ɗauki dutsen tamkar tsani mai matakai, ko wane mataki da irin yanayinsa da irin mazaunansa. A can ƙasa, inda koguna suke haɗuwa da teku wajen Tiko a gabas da Rio del Rey a yamma, akwai fadamu na ruwan gishiri cike da itatuwa masu saiwa a waje. Daga gaɓa zuwa kimanin mita 800 kurmi ne mai duhu, na dogayen itatuwa, gidan aku da manyan cilakowa na kurmi. Daga nan zuwa wajen mita 1,600 sai itatuwa su soma gajercewa, gajimare ya riƙa sauka cikinsu kusan kullum, gansakuka ta lulluɓe rassa. Sama da wannan akwai dajin kan dutse sosai, wanda yake ƙarewa kaɗan bayan mita 2,000. Daga nan kuma sai ciyawa da 'yan ƙananan itatuwa, har a kai ƙoƙuwa, inda babu komai sai baƙin dutse da toka da iska mai tsananin sanyi.

Ruwan sama shi ne ya raba dutsen gida biyu. Iskar damina tana tasowa daga teku ɗauke da laima, ta bugi dutsen ta fuskar yamma da kudu, ta zubar da kayanta a nan. A Debundscha, wani ƙauye da yake gaɓar yamma, ruwan da yake sauka a shekara yana kaiwa kimanin milimita 10,000, watau fiye da ninki goma na abin da Kano take samu, kuma wurin yana cikin waɗanda suka fi ko'ina ruwa a duniya. Ɓangaren arewa da gabas kuwa yana bayan dutsen ne, ruwansa bai kai ko rabin haka ba. Wani abin mamaki shi ne, duk da wannan ruwa, ƙoramu ba su da yawa a saman dutsen, domin dutse ne mai shan ruwa. Ruwan yakan nutse ya ɓullo a can ƙasa. Saboda haka ne garin Buea, wanda yake zaune a jikin dutsen, ya sha fama da ƙarancin ruwan sha.

Dutsen bai mutu ba. Ya yi aman wuta a 1909, da 1922, da 1954, da 1959, da 1982, da 1999, da kuma 2000. A 1922 narkakken dutse ya gangara har cikin teku. A 1999 kuwa ya ƙona daji da gonakin kwakwar manja, ya tsallake hanyar mota da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, sa'an nan ya tsaya saura ƙiris ya faɗa ruwa. Ko wane amai yakan bar tabo cikin dajin, amma da tafiya ta yi tafiya tokar da dutsen da ya ruɓe su ne suke zama baƙar ƙasar nan mai taki wadda manoma suke rububi. An samu tsire-tsire fiye da iri 2,300 a wannan yanki, fiye da 40 daga ciki ba a san su a wani wuri ba.

TSUNTSAYEN DA BA SU DA WANI GIDA

Na farko cikin tsuntsaye biyun da suka keɓanta da dutsen wata irin makwarwa ce, mai duhun jiki, da jan baki da jajayen ƙafafu. Tana zaune cikin sarƙaƙiyar daji tsakanin mita 850 da 2,100, tana kiwo a ƙasa, tana kuma yin ƙwai a ƙasa. In an kore ta ta fi son ta ruga da gudu a kan ta tashi sama. Wani Baturen Ingila, Boyd Alexander, shi ne ya fara bayyana ta ga masana a 1909, shekarar da ya hau dutsen. An kashe shi a ƙasar Cadi a 1910, aka kawo gawarsa Maifoni, kusa da Maiduguri, aka binne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan makwarwa cikin jerin halittun da suke cikin haɗarin ƙarewa.

Na biyun ɗan ƙaramin tsuntsu ne, bai fi tafin hannu ba, mai baƙin kai da farin maƙogwaro, Turawa suna kiransa sifirof na Dutsen Kamaru. Shi kuwa a can sama yake, daga wajen mita 1,800 zuwa 3,000, yana yawo garke-garke a bakin daji inda itatuwa suka haɗu da ciyawa, yana tsintar ƙwari da 'ya'yan itace. Duk duniyarsa ba ta wuce wannan zobe da ya kewaye wuyan dutsen ba.

Ban da waɗannan biyu, akwai tsuntsaye masu yawa da ba a samunsu sai a jerin duwatsun da ya taso daga tsibirin Biyoko cikin teku, ya bi ta Dutsen Kamaru da tuddan Bamenda, ya taɓa Obudu da Mambila a Nijeriya. Daga cikinsu akwai wata baƙar tsattsewa ta kan dutse, da wata tattabarar daji, da 'yan tsuntsayen nan masu dogon baki da suke shan zumar fure. A kurmin ƙasa kuma akwai wani tsuntsu mai sanƙon kai, ja da shuɗi da baƙi, wanda yake gina sheƙarsa da laka a jikin fā ko bakin kogo, kuma ba ya jure a sare itatuwan da suka yi wa wurin inuwa. Domin waɗannan ne ƙungiyar BirdLife International ta sa dutsen, tare da dazuzzukan Mokoko da Onge da suke yamma da shi, cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka, wanda ta buga a 2001.

A nan ne batun tsani yake da nauyi. Tsuntsayen kan dutse da yawa da rani suke hayayyafa, domin da damina ruwa da sanyi da gajimare sukan yi yawa a sama. Idan ruwa ya kankama, waɗansu daga cikinsu sukan gangaro zuwa matakan ƙasa su yi damina, sa'an nan su koma. Manyan tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace, irin su cilakowa da aku, su ma sukan bi itatuwa daga wuri zuwa wuri gwargwadon lokacin nunarsu, suna yaɗa iri a kan hanya. Ma'ana dai, tsuntsun da aka tsare masa gidan rani aka sare masa gidan damina ba a yi masa komai ba.

Dajin ba na tsuntsaye kaɗai ba ne. Akwai sauran giwayen kurmi, waɗanda suke karya itatuwa suna buɗe sarari a tsakiyar dutsen, abin da yake sauya irin tsiron da yake fitowa da irin tsuntsun da yake zama. Akwai kuma manyan birai iri-iri da suka yi ƙaranci ƙwarai a duniya.

YADDA ƘASA TA SUƁUCE

Tarihin saran dajin ya faro ne tun zamanin Jamusawa. A 1858 wani ɗan mishan na Ingila, Alfred Saker, ya kafa gari a gindin dutsen ya sa masa suna Biktoriya, wanda aka mayar Limbe a 1982. Jamus ta kafa mulkinta a Kamaru a 1884, ta karɓi Biktoriya a 1887, a 1892 kuma aka buɗe lambun gwaji a garin domin a ga irin amfanin gonar da ƙasar za ta karɓa. Mutanen Buea, a ƙarƙashin shugabansu Kuva Likenye, sun kori rundunar Jamus a 1891, har kwamandanta, Gravenreuth, ya rasa ransa. Amma a 1894 Jamusawa suka dawo da ƙarfi suka ci garin. Daga nan hanya ta buɗe. A zamanin Gwamna Jesko von Puttkamer aka raba wa kamfanonin Jamus ƙasa mafi kyau a gindin dutsen, kimanin eka 250,000, aka tattara 'yan Bakweri aka tura su 'yan keɓaɓɓun wurare, galibi a kan gangare. Aka shuka koko, daga baya roba da kwakwar manja da ayaba. A 1901 aka mayar da hedkwatar mulki Buea saboda sanyinta.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin ya faɗa hannun Ingila, aka riƙa mulkinsa tare da Nijeriya. An yi gwanjon gonakin a Landan a 1924, yawancinsu kuwa tsofaffin masu su, Jamusawa, suka sake saye. Da Yaƙi na Biyu ya ɓarke aka sake ƙwace su. A 1946 gwamnatin Nijeriya ta lokacin ta yi doka ta kafa Hukumar Raya Kamaru, wadda aka fi sani da CDC, ta fara aiki a 1947. A 1946 ɗin ne kuma 'yan Bakweri suka kafa kwamitin neman ƙasarsu, suka kai kuka har Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi ƙuri'ar raba gardama ran 11 ga Fabrairu, 1961, Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, Arewaci kuwa ya tsaya a Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. Tuta ta sake, amma gonakin suna nan inda suke. Da gwamnati ta ba da sanarwar sayar da CDC a 1994, sai tsohuwar rigimar ta sake tashi, kuma a 2002 aka sayar da gonakin shayi, har da na Tole kusa da Buea.

Manyan gonaki suna bukatar hannu da yawa. Aka kwaso leburori daga tuddan Bamenda da sauran sassan Kamaru da gabashin Nijeriya, har baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa. CDC ta zama ta biyu bayan gwamnati wajen ɗaukar ma'aikata, ta taɓa riƙe mutum wajen 20,000. Lebura kuwa yana da ciki, yana da iyali, kuma in ya bar aiki ba lalle ne ya koma garinsu ba. Tun da fili mai kyau yana hannun kamfani, babu inda ya rage wa ƙaramin manomi, baƙo ko ɗan ƙasa, sai jikin dutse.

MANOMI DA MAHARBI DA WUTA

Haka gonakin gwaza da agada da rogo da masara suka yi ta hawa. Manomi yakan yi sassabe, ya ƙona, ya noma shekara biyu ko uku, sa'an nan ya matsa gaba. A dā akan bar saura ta huta shekaru har daji ya maido jikinsa, amma da jama'a suka yi yawa sai hutun ya gajarta. A arewacin dutsen, inda ruwa ya yi daidai da koko, manoma sun kutsa cikin tsohon gandun dajin Bomboko suka mayar da babban sashensa gonaki. A kudu kuma garuruwa ne suke cin fili. An buɗe matatar mai a Limbe a 1981, aka kafa Jami'ar Buea a 1993, gidaje suka mamaye filayen da dā ake nomawa, manoman wurin suka ƙara yin sama. Ga masu injin yankan katako, ga masu itacen girki da gawayi.

Daga sama kuma wuta ce take gangarowa. Da rani maharba sukan cinna wa ciyawar kan dutse wuta domin su kori nama, ko domin sabon tsiro ya jawo shi, masu ɗiban zuma su ma wani lokaci wuta takan kuɓuce musu. Wutar takan lashe bakin daji, ta hana 'ya'yan itatuwa tasowa, kuma lokacinta ya zo daidai da lokacin da makwarwar nan take kwance kan ƙwai. Tarkon waya da aka ɗana wa gada shi ma ba ya tambayar wanda ya taka shi. Ta haka dajin tsakiya, gidan makwarwa, ya shiga tsaka mai wuya: gatari daga ƙasa, wuta daga sama.

DARASIN SASSAƘE

Akwai wani itace a dajin kan dutsen, 'yan Bakweri suna ce masa wotangu, masana kuma Prunus africana. Da sassaƙensa ake haɗa maganin ciwon nan da yake toshe wa dattawa maza fitsari, kuma kasuwarsa tana Turai. Tsuntsaye da birai suna cin 'ya'yansa. Tun farkon shekarun 1970 wani kamfani mai suna Plantecam yake sayen sassaƙen yana sarrafa shi a Mutengene. Ƙa'idar ita ce a ɗauki ɓawon ta fuska biyu masu kallon juna, a bar sauran biyun, a kuma ba itacen shekaru ya warke. Amma da masu lasisi suka yi yawa, kuɗi ya shiga, sai aka riƙa feɗe itace tun daga gindi har rassa, wani ma a kayar da shi ɗungum. Itatuwa suka yi ta bushewa a tsaye.

A 1995 aka sa itacen cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittu tsakanin ƙasashe. Kamfanin ya rufe masana'antarsa a 2000. A 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen sassaƙen daga Kamaru, ba ta koma ba sai bayan 'yan shekaru, da aka ƙidaya itatuwa aka yanka iyakar abin da za a ɗiba. A tsakanin nan ƙauyukan dutsen sun haɗa ƙungiyarsu ta masu sassaƙe, MOCAP, wadda take ɗiba bisa ƙa'ida tana ware wani kaso domin ayyukan ƙauye. Abin da wannan labari ya nuna a fili yake: muddin amfanin daji na wani ne can nesa, na kusa ba ya tausaya masa, in ya san baɗi ma shi zai ci, yakan sassauta hannu.

GANDUN DAJI DA ABIN DA YA RAGE

A watan Disamba na 2009 gwamnatin Kamaru ta kafa Gandun Dajin Ƙasa na Dutsen Kamaru, mai faɗin hekta 58,178. Ƙauyuka 41 ne suke kewaye da shi. Maimakon a dogara ga masu gadi kaɗai, an ƙulla yarjejeniya da ƙauyukan, tare da gudummawar kuɗi daga Jamus: su taimaka wajen share iyaka da sintiri da cire tarko, su kuma a taimaka musu da ruwan sha da ingantaccen iri da sauran abin da suka zaɓa. Waɗansu tsofaffin maharba sun koma 'yan rakiya da 'yan dako ga baƙi masu hawan dutse da masu kallon tsuntsaye. Tseren hawan dutsen da aka fara a 1973 shi ma ya sa sunan Buea ya zaga duniya.

Sai dai rikicin da ya tashi a yankin masu magana da Ingilishi daga ƙarshen 2016 ya mayar da hannun agogo baya. Mutane sun gudu daga ƙauyuka, waɗansu cikin daji, waɗansu zuwa Buea da Limbe. Baƙi suka ɗauke ƙafa, sintiri ya yi wuya a waɗansu sassa, CDC ta dakatar da fitar da ayaba a 2018 ba ta koma ba sai 2020, dubban ma'aikata suka yi watanni babu albashi. Wanda ba shi da albashi kuwa, daji ne bankinsa.

Ko da babu rikici, akwai giɓi a tsarin kansa. Gandun ya fi rufe tsakiya da saman dutsen, inda dā ma noma yake da wuya. Kurmin ƙasa, wanda ya fi ko wane mataki yawan halittu, shi ne ya fi shan gatari, kuma yawancin abin da ya rage daga cikinsa yana wajen iyaka. Dokar daji ta 1994 ta ba ƙauyuka damar riƙe dajin al'umma har hekta 5,000, an kuwa kafa irinsu a Bimbia da Bonadikombo da waɗansu wurare, amma ƙauye ba ya iya tsare daji da takarda kawai alhali masu neman fili da masu katako suna ƙofa.

Saboda haka makomar tsuntsayen Dutsen Kamaru tana hannun waɗanda suke yanke shawara kan filayen gindin dutsen. In za a miƙa wa ƙauyuka wani sashe na filin kamfani, ya kamata ya isa hannun manomi, kada ya ƙare ga dillalan fuloti. In za a faɗaɗa gonar kwakwa ko roba, a yi a kan tsohon fili, a bar zirin kurmin nan na kudu maso yamma wanda ya haɗa teku da dutse. Manomin koko kuma a taimake shi ya ƙara amfanin gonar da yake da ita a ƙarƙashin inuwar itatuwa, domin kada ya bukaci sabon sassabe. Dajin da yake riƙe da makwarwa shi ne yake riƙe da ƙasar gangare kada ta zaftare wa Limbe, shi ne kuma yake ciyar da idanun ruwan da Buea take sha. Narkakken dutse yakan ƙona zirin daji, bayan shekaru dajin ya dawo, domin akwai iri a hagu da dama. Dajin da aka share ƙaf daga gindi kuwa ba shi da inda zai samo irin komawa.